Lambar da Baba Ya Rantse Ba Ta Rabuwa

Ranar da Baba ya rasu, kafin rana ta yi zafi layinmu na Ƙofar Rini ya cika har 'yan kabu-kabu masu babur sun daina bi ta nan. Ina cikin gida wajen mata, amma katangarmu gajera ce, duk abin da maza ke faɗi a waje yana shigowa. Kowa ya iso sai ya tuna mana cewa na Allah ne mu kuma can za mu koma, a amsa masa, ya sami gefen tabarma ya zauna, sa'an nan ya fara ba da labarin inda Baba ya taɓa dukansa.

Na leƙa ta ƙofar zaure na ga wani babban likita, furfura ta cinye masa gemu, ya naɗe hannun riga yana nuna wa mutane tabo a damtsensa.

"Wanga na Malam na," in ji shi. "Aji ukku. Nic ce bakwai sau takwas hamsin da huɗu."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa, irin wadda ake yi a gidan rasuwa ana jin kunyarta. Shi ma ya yi, sai kuma ya rufe fuska da hula ya fashe da kuka kamar yaro.

A cikin gida wata maƙwabciya ta shigo tana share ido. "Allah sarki Malam, bawan Allah mai haƙuri."

Gwaggo, ƙanwar Baba, ta ɗago kai. "Ke, kak ki yi mai ƙarya shina kwance. Ki ce mai gaskiya, ki ce mai kyauta, mu amsa miki. Amma haƙuri, ran da anka raba shi ɗan'uwana bai je ba."

Saboda maganar nan ta Gwaggo nake wannan rubutu. Jikokinsa tsoho suka sani, mai sanda da carbi, wanda ke ba su dabino. Ina tsoron nan da 'yan shekaru a wanke shi tas, a mai da shi wani salihin da bai taɓa ɗaga murya ba, mu rasa shi karo na biyu. Ubana malamin lissafi ne, ya koyar a sakandare har ya yi ritaya, kuma ban taɓa ganin mutum mai zafin hannu irinsa ba. Na so shi, na ji tsoronsa, har yau ban san wanne ya fi yawa ba.

Tun da safe aka yi masa wanka aka sa shi a likkafani, aka ce jana'iza bayan azahar. Inna ta zauna a bakin ƙofar ɗakin da yake, ta miƙe ƙafafu ta tare hanya. Ta kira mu ɗaya bayan ɗaya, kowa ya durƙusa ya ce ya yafe wa Baba duniya da lahira. Mu bakwai ya haifa, shida muka faɗa. Saura Yaya, babbanmu, wanda ke zaune a Birnin Kebbi, wanda tun yana saurayi maganar da ta wuce gaisuwa ba ta sake haɗa shi da Baba ba.

"Ba a hita da shi sai ɗana ya zaka," in ji Inna. "Hakkin Allah, Allah na yahewa. Hakkin mutum sai mai shi. Ba ni barin a kai shi rami da wanga kaya bisa kai."

Kayan da take nufi kunnen Yaya ne na hagu, wanda bai sake jin komai da shi ba tun yana ajin ƙarshe. Baba ne ya kashe shi da mari ɗaya, a kan wata lamba.

Sai an san yadda Baba ya ɗauki lambobi za a gane wannan. A makaranta da Turanci yake koyarwa, amma a gida ya raɗa wa kowane iri suna da Hausa, yana maganarsu kamar mutanen unguwa. Akwai cika da mara, waɗanda kowa ya sani: cika ta rabu biyu daidai, mara ta bar ɗaya. Akwai wadda yake kira kammalalliya, kamar shida, wadda in ka tara duk ƙananan lambobin da ke raba ta, ɗaya da biyu da uku, sai su ba ka ita kanta ba ragi ba ƙari. Akwai mai yalwa, kamar sha biyu, wadda masu raba ta in sun taru sun fi ta. Akwai matalauciya, kamar takwas, wadda nata ba su kai ta ba. Da waɗannan sunaye yake zagi da yabo. In Kawu ya zo da surutunsa ya tafi, sai Baba ya ce, "Sha biyu ke nan, kowa ya zo shi raba shi." Mace mai kamun kai kuwa shida ce a wurinsa, kuma ban taɓa jin ya ba wata wannan suna ba in ba Inna ba, ita ma a bayan idonta.

Sama da duka akwai gagara-raba: lambar da babu mai raba ta sai ɗaya da ita kanta, kamar bakwai, kamar sha uku. Waɗannan su ne mazaje a wurin Baba. In ya ambace su har muryarsa takan canza.

Allo yana jingine a zaurenmu, dorina na rataye a ƙusa kusa da shi. Bayan la'asar yaran unguwa sukan taru, ba ya karɓar ko sisi, allin ma shi ke saye. Amma kuskure ɗaya bulala ɗaya, kuma ba ya duba ɗan wane ne. Na ga ya jefi yaro da abin goge allo har goshi ya fashe, ya ɗauke shi da kansa a kafaɗa zuwa kemis, suka dawo, ya ce masa ya ƙarasa lissafin da bandeji a kai. Ni kaina akwai ɗan yatsana na hagu da bai miƙewa sosai. Rula ce, a kan rabon da na manta da saura.

Ranar sunan Autanmu, da muka cika bakwai, Baba ya sayo baƙin fenti ya taka turmi ya rubuta a saman ƙofar zaure, da manyan baƙaƙe:

1111111

Baƙi suka ɗauka alif bakwai ne, wani laƙani na tsarin gida. Wani tsoho da ya biyo daga Hubbare har tsayawa ya yi ya shafa addu'a. Baba ya tara mu a gabanta, Inna na riƙe da jinjiri, ya ce wannan miliyan ɗaya ce da dubu ɗari da sha ɗaya da ɗari da sha ɗaya, kuma mu ne. Ya nuna ta farko da sanda ya ce Yaya ne, shi ne miliyan. Ya bi mu a jere har ta ƙarshe, ya ce ga Auta, ɗaya tak, amma in an cire shi lambar ta zama wata. Ni ce ta huɗu, dubu, kuma na yi ta taƙama da cewa ko ta ina aka fara ƙirga ni ce a tsakiya.

Ba a taɓa son lamba kamar yadda Baba ya so wannan ba. Baƙo ba ya wuce zaure sai ya sha bayaninta. Ya ce mara ce. Ya ce ka karanta ta daga dama kamar Larabci ko daga hagu kamar boko, ba ta canza fuska, ba ta da munafunci. Ya ce ka ninka ta da kanta ka ga ikon Allah, sai ya rubuta amsar a allo, 1234567654321, ta hau daga ɗaya har bakwai ta sauko ta koma ɗaya. Sa'an nan ya zo kan abin da ya fi so. Raba ta da biyu, saura ɗaya. Da uku, saura ɗaya. Da biyar, da bakwai, da sha ɗaya, da sha uku, kowanne sai ya bar ɗaya a tsaye. Duk wannan gaskiya ne, na sake gwadawa da girmana.

Ya ce ya kashe dogon hutu guda yana raba ta da hannu, da kowace gagara-raba har ya wuce dubu, babu wadda ta shige ta. Ya ɗaga yatsa sama a gaban mutane ya rantse da Allah cewa gagara-raba ce.

"Ɗiyana na nan," yakan ce. "Ba a haihi mai raba su ba."

Muna da maƙwabci, abokin aikin Baba, malamin kimiyya, Kirista ne daga wajen Filato. Baffa muke kiransa don tare muka tashi da 'ya'yansa. Shi ya fara kawo kalkuleta layinmu. Baba ya tsane ta kamar yadda ya tsani satar amsa, ya ce na'urar malalata ce, ya haramta ta a gidansa. Yaya kuwa, wanda kaf cikinmu shi ya gado kan Baba, kuma shi ya fi shan duka don shi aka fi sa wa rai, ya riƙa zuwa gidan Baffa yana wasa da ita. Daga baya ya gaya mini ba neman kuskure ya je yi ba. So ya yi ya tabbatar da maganar Baba da na'urar da Baba ya raina, ya kawo masa ya ji daɗi.

Wata Asabar da hantsi, zaure cike da ɗalibai da wasu abokan Baba biyu, Yaya ya shigo da gudu da kalkuletar a hannu. Ina nan, na kawo wa baƙi ruwa.

"Baba, ta rabu!"

"Mi ar rabu?"

"Lambarmu. Ɗari biyu da talatin da tara na shiga cikinta."

Baba ya miƙa masa alli ba tare da ya dube shi ba. "Aje wagga tsiya. Yi da hannu."

Yaya ya yi da hannu, a allon Baba, a gaban mutanen Baba. Na tuna yadda allin ke ƙara. Huɗu ta fito, shida, huɗu, tara. A layin ƙarshe ya ɗebe lamba daga irinta, babu abin da ya rage. Ɗari biyu da talatin da tara sau dubu huɗu da ɗari shida da arba'in da tara, ga ɗaya bakwai a jere sun fito cif. Yaro ne, murna ta kwashe shi, ya juyo yana dariya ya ɗaga murya.

"Saura sihiri, Baba! Sihiri!"

A bakinmu na Sakkwatawa sifirin lissafi da sihirin bokaye duk abu ɗaya ne. Inna na tsakar gida tana tankaɗe, ta jiyo, ta yi salati da ƙarfi. "A'uzu billahi! Wa yak kawo muna sihiri cikin gida?"

Ɗalibai suka tuntsire da dariya. Abokan Baba ma suka kasa riƙewa, ɗaya har da buga cinya. Na sha tunanin cewa da Inna ba ta yi wannan tambaya ba, da wataƙila Baba ya haɗiye. Kuskure zai iya ɗauka, ina jin. Dariya ce bai iya ɗauka ba, a zaurensa, a ƙarƙashin abin da ya rantse a kai.

Ban ga tashinsa ba, ƙarar kawai na ji. Tafin hannunsa na dama ya sauka a kunnen Yaya, kan Yaya ya bugi allo, allon ya faɗi, shi ma ya bi shi. Kofunan da ke hannuna suka zube. Yaya ya yunƙura zai tashi ya sake faɗuwa, ƙafafunsa sun ƙi ɗaukarsa, jini siriri na fitowa daga kunnen yana bin wuyansa yana shiga farar rigarsa. Bai yi kuka ba. Ya dai riƙa kallon bakin mutane yana girgiza kai.

Baba bai tsaya nan ba. Ya ɗauki kalkuletar ya maka ta da bango, ya bi ta da dugadugi har ta zama tsaki. Ɗalibai suka watse, wasu ba takalmi. Ya shiga cikin gida ya fito da gatari, Inna ta riƙe masa riga ya fizge har ta faɗi a kan turmi. Muka ɗauka Yaya zai sara, na kwanta a kan ɗan'uwana ina ihu. Ashe bango ya nufa. Ya sari saman ƙofar nan, ya sara, ya sara, ƙasa na zubo masa a ka, har sai da babu ɗaya ko guda da ta rage, sai rami. Sa'an nan ya jefar da gatarin ya fita, bai dawo ba sai magariba.

Baffa ne ya kai Yaya asibiti a babur ɗinsa. Suka ce dodon kunnen ya fashe, kuma abin ya taɓa can ciki. Da Baba ya dawo, Baffa na jiransa a ƙofar gida.

"Malam, yaron yana da gaskiya, kai ma ka sani. Na'urata ba komai ba ce. Ka shiga ka ba ɗanka haƙuri."

"Hita min gida," in ji Baba.

Bai ba da haƙurin ba. Ya sayi magani, ya yanka kaza aka yi wa Yaya farfesu, ya tsaya a bakin ƙofar ɗakin ya tambayi Inna ko ya ci. Iyakarsa ke nan. Yaya ya gama jarrabawa ya bar gidan, ya yi karatun safiyo, awon ƙasa, ya zauna a Birnin Kebbi. Nan da can ba nisa, amma in ya zo Sakkwato gidan Kawu yake sauka, ya shigo ya gai da Inna, in ya ci karo da Baba ya durƙusa ya ce ina wuni, Baba ya ce lahiya, kowa ya kama gabansa. Ramin saman ƙofa kuwa Baba ya hana a shafe shi, ya kuma hana a yi maganarsa. Ko da aka yi wa gidan siminti, magini ya zagaye wurin ya bar shi.

Kada a ce sharrinsa kawai na tara. Shekaru kaɗan bayan haka, suna cikin gaba da Baffa ko sallama ba sa yi, wata tarzoma ta tashi a gari, irin wadda ba ka sanin mafarinta sai ka ga hayaƙi. Matasa suka shigo layinmu da gorori da galan na fetur suna tambayar gidan Kirista. Kafin su iso Baba ya riga ya tsallaka katanga, da girmansa, ya turo Baffa da matarsa da 'ya'yansu ɗakin Inna. Ya ɗauki taɓarya ya tsaya a ƙofar zaure shi kaɗai.

"Malam, ka kauce, mun san suna ciki."

"Suna ciki. Zaka ka ɗauke su."

Na gaba ya matso, Baba ya sauke masa taɓarya a hannu, daga cikin gida muka ji ƙashin ya karye. Wani ya jefe shi da dutse ya fasa masa gira. Jini na rufe masa ido yana kiran sunayensu ɗaya-ɗaya, da sunayen iyayensu, don rabinsu sun zauna a zauren nan. "Kai, ba kai na ba ka iya rabon goma da biyu ba? Yau kai ka raba mutane?" Suka ja da baya, suka watse. Iyalin Baffa suka kwana biyu a wurinmu. Da za su koma, Baffa ya kama hannun Baba zai yi godiya, Baba ya zare hannunsa ya ce a kawo masa ruwan alwala. Ranar rasuwar, Baffa ne ya riga kowa zuwa, da sandarsa, ya zauna a ƙarƙashin ramin ƙofar nan.

Haka Baba yake. Zai iya ba ka jininsa, ba zai iya ce maka ya yi kuskure ba.

Ciwon ajalinsa shanyewar ɓarin jiki ne. Auta ne ya yi jinyarsa, shi ke ɗaga shi, shi ke yi masa wanka. A makon ƙarshe bakinsa ya riƙa motsi ba tsayawa, Gwaggo ta ce wuridi yake, alhamdu lillahi. Na kai kunnena kusa. Ba wuridi ba ne. Ɗari biyu da talatin da tara yake cewa, ya yi shiru, ya sake. Na fita waje na kira Yaya a waya na gaya masa. Sai ya tambaye ni.

"Ya ce in zaka?"

Da na ce e, da ya zo, da sun gana. Amma bai ce ba, kuma a gidanmu ba a koya mana ƙara wa amsa abin da babu a cikinta ba.

"Bai ce ba, Yaya."

"To," in ji shi, ya kashe wayar. Da Baba ya cika, cikin ikon Allah da kalmar shahada a bakinsa, Auta ne ya aika masa.

Aka yi azahar Yaya bai iso ba. Rana ta take, mutane na ta fifita da hula a waje. Liman ya aiko a gaya wa Inna cewa ba a jinkirta gawa. Inna ta ce ta ji. Ya sake aikowa, ta ce a gaya wa Liman ta san hukuncin, mijinta ne. Kawu ya shigo yana faɗa, ta dube shi sau ɗaya ya koma. An shigo da makara an ajiye a tsakar ɗakin an ɗora Baba a kai, amma babu mai ikon tsallake ƙafafun tsohuwar nan.

Can sai muka ji hayaniyar waje ta lafa. Yaya ya shigo, da ƙurar hanya a rigarsa, shi ma ya yi furfura. Ya durƙusa ya yi wa Inna gaisuwa, ta janye ƙafafunta ya shiga, muka bi shi. Ya tsaya a kan makarar ya yi addu'a mai tsawo, ya shafa, ya juya zai fita.

"Ba ka hwaɗi ba," in ji Inna.

"Na yi mai addu'a, Inna."

"Ba ita nic ce ba. Ka ce ka yahe."

Ya juyo mata da kunnensa na dama, kamar yadda yake yi wa kowa. "Ya roƙa? Shekara nawa shina da baki, ya roƙa?"

"Lambarka yaƙ ƙare da ita a baki," na ce.

"Lamba yak kira. Ni ina da suna."

Auta ya yi kukan kura ya shaƙe masa wuyan riga. "Ina kake sadda nike kwashe kashinai? Yanzu ka zaka ka tsai da muna gawa cikin rana!" Yaya ya ture shi, Auta ya kai masa naushi a baki, suka rungumi juna suka yi baya suka bugi makarar har ta goce, ƙafar Baba ta zamo gefe. Mata suka sa ihu. Gwaggo ta zari muciya ta shiga tsakaninsu tana dukan duk wanda ta samu, ta kai, ta baya, tana cewa, "'Yan banza! Jininai na, wallahi jininai na! Ko a mace bai bar gidan ga ya huta ba!"

Suka rabu suna haki, leɓen Yaya na zubar da jini. Yaya ne ya fara ganin ƙafar. Ya durƙusa ya tallabe ta da hannu biyu ya mayar da ita kan makara, ya gyara likkafanin. Hannunsa ya tsaya a nan. Ina jin bai san Baba ya rame haka ba, don na ga ya sake shafa ƙaurin a hankali, sai kafaɗunsa suka fara rawa.

Ya ja gwiwa zuwa wajen kan. Ya sunkuya har goshinsa ya kusa taɓa farin ƙyallen, ya yi magana da ƙarfi, irin ta wanda ba ya jin muryarsa sosai.

"Baba, ni na. Kunnen, na yahe maka, duniya da lahira. Dukan duka na yahe." Ya ja numfashi. "Amma lissahin ban janye ba. Tana rabuwa. Ni ad da gaskiya."

Gwaggo ta saki muciya ta toshe baki. Inna, wadda tun asuba ba ta zubar da hawaye ba, ta yi wani sauti, rabinsa dariya rabinsa kuka, sa'an nan hawayen suka ɓalle.

"Ku ɗauke shi maza," ta ce. "In yaj ji wagga magana, tashi za shi yi su ci gaba."

Yaya ya kama gaban makarar, Auta ya kama ɗaya gefen da kumburarren hannunsa, sauran maza suka shigo suka tallafa. Mu mata iyakarmu ƙofar tsakar gida. Daga nan na ga sun sunkuya sun fitar da shi ta zaure, na ji kabbara ta tashi a layi.

Ya Allah, ga malamin lissafi nan ya zo gabanka. Bai taɓa ɗaga wa kowa ƙafa a kan kuskure ba, nasa kuma bai taɓa iya furta shi ba. Mu da ya daka mun sauke namu. Ka yi masa hisabi mai sauƙi, kada ka yi masa irin nasa.